Masara ta sauko amma nama da ƙwai sun ƙi motsi, wai me ke faruwa ne a kasuwannin Kaduna?

MaiAbinci_Kawo

Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Dan Allah in akwai mahauta ko masu kiwon kaji ko fataken dabbobi a nan ina so a fahimtar dani wani abu, don ni kam ya ɗaure min kai. Sana'ata sayar da abinci ce a gefen Kawo, shinkafa da miya da tuwo da rana, da yamma kuma farfesu. Tunda kakar bana ta 2025 ta shigo hatsi ya sauko sosai alhamdulillahi, masarar da a 2024 buhu ya doshi 90,000 yanzu ko rabin wannan kuɗin bata kai ba, shinkafa ta yi sauƙi, gero da dawa ma haka. To amma nama ko gezau. Kilon naman sa yana nan inda yake, 6,500 zuwa 7,500 ya danganta da teburin da mutum ya tsaya, kiret ɗin ƙwai ya ƙi sauka ƙasa da 5,000, kaza kuwa sai dai ka taya ka wuce. Kullum sai kwastoma ya min ƙorafi wai ai abinci ya yi arha a kasuwa me yasa ban rage kuɗin faranti ba, alhali ni abin da ke cin jarina ba shinkafar bace, yankan naman da zan ɗora a kai ne.

Abin da nake son sani, tunda dabbobi da kajin nan hatsi da dusarsa suke ci, me yasa arhar bata kai kansu ba? Akwai alamar za su sauko ne ko mu haƙura kawai? Sannan ina da ɗan fili a bayan gida, ina tunanin ko in zuba kajin gidan gona in riƙa yankawa da kaina maimakon saye, ko kuma in ɗaure raguna biyu kafin babbar sallah. Wanne ya fi min? Allah ya saka da alheri.

ƊanFawa_TudunWada

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da aiki. Ni a fawa na tashi, gado na yi, a kwatar Tudun Wada muke yanka. Abin da nake so jama'a su gane shi ne mahauci ba shi ke yanke farashin nama ba, a Zango, kasuwar shanu, ake yanke shi tun san yana tsaye da ƙafarsa. San da zai kai kilo 300 a raye, in aka yanka aka feɗe aka cire fata da kai da ƙafa da kayan ciki, abin da zai rage nama haɗe da ƙashi da ƙyar ya wuce rabi, in kuwa ramammiyar saniya ce ta ƙarshen rani ko rabin ba za a samu ba. To ki ɗauki kuɗin san ki ƙara la'adar dillali da kuɗin kwata da na yaran da suka kayar suka feɗe da mai napep ɗin da ya kai naman teburi, ki raba a kan kilo 150 ɗin nan ki gani da kanki. Wallahi sau da yawa tsokar uwar kuɗi kawai take mayarwa, ɗan abin da za mu kai gida daga kayan ciki da kai da ƙafa da fata yake fitowa. Fatar ma yanzu ba majema ke ɗauka ba, masu ganda ne, don sun fi su biya.

Kuma yawancinmu bashi muke ɗauka. Dillali ya tsaya maka a baka sa da asuba, ka yanka ka sayar ka kawo kuɗi gobe ko jibi, in ka saɓa sau biyu ba mai sake tsaya maka. Nama kuma in ya kwana asara ce, ba kowa ke da firiza ba, ga wutar ma yadda take. Shi yasa yanzu za ki ga mutum uku ko huɗu sun haɗu a sa ɗaya, alhali a da kowannensu shi kaɗai yake kayar da nasa. Ciniki ya ja baya ƙwarai, mai sayen kilo biyu ya koma rabin kilo, mai rabin kilo ya koma a yanko masa na dubu ɗaya a sa masa gyara. Da tsadar nan tana mana daɗi da kin ga muna ƙara yanka, mu ma mun fi so nama ya yi arha teburi ya tashi kafin azahar.

Ga kuma 'yan lodi. Kina tsaye kina taya sa, ga wani a gefenki yana cika tirela zuwa Legas ko Fatakwal ko Onitsha, shi ya san in ya kai can zai sayar da tsada, duk abin da kika taya sai ya ɗora a kai. Masu kyan gaba ɗaya su ke kwashewa. Abuja ma da ke nan kusa ba ƙaramin ja take yi ba.

Falken_Zango

Hajiya Allah ya sa albarka a nema. Abin da ɗan'uwa ya faɗa haka yake, bari in ƙara daga ɓangarenmu na masu bin kasuwannin ƙauye da na bakin iyaka.

Akwai abin da mutanen gari ba su cika lura da shi ba. Arhar hatsi bata saukar da dabba, sau da yawa ma ɗaga ta take yi. Bafulatani ko manomin da ke da 'yan shanunsa ba haka kawai yake kai dabba kasuwa ba, sai buƙata ta taso, hatsin gida ya ƙare ko biki ko rashin lafiya ko kuɗin taki. Lokacin da buhun masara ke 90,000 dole ya fitar da maraƙi ko tumaki uku huɗu kafin ya tara abincin iyali. Yanzu kuwa tunkiya ɗaya ta ishe shi ya ɗauki buhu biyu ko uku, to me zai sa ya taɓa sa? Ga kaka an cire amfani, kara da harawa da ƙaiƙayi ko ina, dabba na ƙoshi kyauta tana ƙiba, sai ya riƙe abinsa. Dabba ta ragu a kasuwa, masu nema suna nan yadda suke, kinga ai ba yadda za a yi ta sauko. Lokacin da ake sakin dabba shi ne ƙarshen rani zuwa faɗuwar ruwan farko, ciyawa ta ƙare ga neman taki, amma a lokacin duk sun rame, in aka yanka aka ɗora a sikeli sai ki ga ba wata arha.

Sai maganar sefa, wadda ni a wajena ita ta fi kowacce yi mana illa. Da yawa daga shanu da raguna da raƙuman da ake gani a Maigatari da Mai'adua da Illela daga Nijar suke shigowa, na Potiskum kuma akwai na Chadi a ciki. Mutumin Nijar da sefa yake lissafinsa. Tunda aka saki naira a watan Yunin 2023 sai da jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000, to ko bai ƙara sisi a kan dabbarsa ba mu a nan kuɗin ya ninka. Har ta kai wani lokacin su ke tsallakowa su sayi namu don ya fi musu sauƙi. Ga rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wadda sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, sannan gab da babbar sallar 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi don su yi sauƙi a wajensu. Duk wanda ya nemi balami ko uda a sallar nan ya ji a jikinsa. Kuɗin mota kuwa ba sai na faɗa ba, gas ya tashi tun 2022 kafin ma a zo kan cire tallafin fetur, taya da kayan gyara duk dala ce, a hanya kuma shinge bayan shinge, wani da rasit wani ba rasit, duk a kan dabbar ake ɗorawa.

Kuma mu faɗi gaskiya shanun kansu sun ragu a yankinmu. Shekara da shekaru ana kore garke a dazukan Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Kajuru har Zamfara da Katsina, makiyaya da yawa sun kwashe abin da ya rage sun yi kudu, wasu sun bar ƙasar ma. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a wasu ƙananan hukumomi, har da ta Talata ta Kawo ɗinku, aka hana safarar dabbobi na wani lokaci saboda tsaro. Alhamdulillahi an sake buɗe kara, wato kasuwar dabbobi, ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamban 2024 bayan sulhu, dabba na fitowa ta can kuma ya taimaka. Amma saniya wata tara take da ciki, ɗan sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya kai na yanka, kuma saniyar gida ba kowace shekara take haihuwa ba. Masara wata huɗu an girbe ta. Garken da aka yi shekara goma ana ɓarnatarwa ba zai dawo a damina ɗaya ko biyu ba, ni dai ban ga saukar naman sa nan kusa ba, in ya tsaya inda yake ma mun gode Allah.

Maganar ɗaure rago, in za ki yi to yanzu ne lokacin saye, ki kuma tara harawa da ƙowa da dusa tun suna arha don daga Fabrairu zuwa Afrilu harawa tashi take sosai. Ki nemi ɗan 'yankasa mai ƙashi wanda bai yi ƙiba ba, a duba haƙoransa, a ba shi maganin tsutsa a yi masa rigakafi. Sai dai ki sani rago ajiyar kuɗi ce ta wata biyar shida, ba zai rage miki komai ba a naman da kike saye kullum.

MaiKaji_Rigachikun

Anti barka da ƙoƙari. Ni leyas, wato kajin ƙwai, nake kiwo da burela, wato kajin nama, kaɗan a gefen Rigachikun, bari in faɗa miki namu tsakani da Allah. Abinci shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kaza, kuma gaskiya ne masara ce wajen rabin abin da ke cikin buhun ko fiye, shi yasa kowa ke cewa to ai masara ta faɗi me ake jira. Amma sauran fa? Akwai waken suya, akwai firimis da layisin da metiyonin da magunguna, ƙananan sinadaran nan yawanci daga waje ake shigo dasu da dala. Buhu mai kilo 25 da a 2019 bai kai 5,000 ba sai da na burela ya haura 20,000 a 2024. Ya ɗan sauko yanzu ba ƙarya, amma ba kamar yadda masara ta faɗi ba, in kin tambaya a ce miki sai an ƙarar da wadda aka saya da tsada aka tara. Mu da muke kai masararmu inji mu haɗa da kanmu mu muka fi ganin sauƙin.

Abin da ya fi riƙe ƙwai a sama shi ne gonakin da suka mutu, wannan shi ne mutane basa gani. Ki tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, ba tsaba a hannun kowa, mai shayi baya ɗauka mai shago baya ɗauka, ƙwai ya taru yana lalacewa a gona su kuma kaji kullum sai sun ci. Bamu gama farfaɗowa ba aka cire tallafi a ƙarshen Mayu, mota ta tashi masara ta tashi, mutane suka riƙa sayar da kaji suna tsaka da ƙwai don ba abin da za a basu. Ki bi hanyar Zariya daga nan zuwa Maraban Jos zuwa Jaji, ko ta Mando hanyar Buruku, ki ga ɗakunan kajin da ba ko ɗaya a ciki, wallahi abin tausayi ne, akwai matan da na sani da adashi suka gina nasu. Wanda zai dawo yau sai ya sayi 'yan tsaki ya ciyar dasu wata huɗu da rabi zuwa biyar kafin ya ga ƙwan farko, duk tsawon nan ba sisi da ke shigowa, waye ke da wannan jarin yanzu, banki kuma ruwansa ya haura 25 cikin 100 ga wanda ma zai iya karɓa. Don haka ƙwai zai sauko in sha Allah amma a hankali, a ganina sai waɗanda aka zuba da arhar masarar nan sun fara yi, wajen bayan azumi kenan, in ba a samu murar tsuntsaye ba. Allah ya tsare mu, don sanyi ne lokacinta, kuma nan jiharmu aka fara ganin nau'inta na H5N1 a Afirka gaba ɗaya, a wata gona a Jaji farkon 2006, har yau tana leƙowa jefi-jefi.

Burela ita sati shida zuwa takwas ce, ta fi saurin bin kasuwa, amma kar ki auna farashinta da yanzu saboda Kirsimeti. Daga Oktoba kowa zubawa yake don kasuwar Sabon Tasha da Barnawa da Narayi da unguwar Television, sai ɗan tsako ya yi tsada duk da muna da babban wajen ƙyanƙyasa na Olam a hanyar Abuja tun 2017 ga kuma waɗanda ake kawowa daga Ibadan da Jos. A Janairu yake faɗowa.

In za ki zuba ki bari sai lokacin, ki fara da 50 kar ki wuce. Sati biyun farko ɗumi suke so musamman da hunturu, gawayi a tukunya ko fitila, a rufe da leda amma a bar inda iska za ta shiga. Rigakafin gumboro da lasota ba a wasa dasu, ki saya inda ake ajiyewa a sanyi ki taho dashi cikin ƙanƙara. Ki kuma yi ƙoƙarin gamawa dasu kafin zafin ƙarshen Maris da Afrilu don zafi ke kashe burela mai nauyi, da rana tsaka sai ki ga sun buɗe baki suna faɗuwa. Lissafin abinci kuwa kowace za ta ci kilo huɗu zuwa biyar kafin ta kai kilo biyu da wani abu, wato buhu ɗaya kaza biyar ko shida, 50 ɗin za su ci buhu tara ko goma. Inda kika fi mu shi ne ke ce kwastoman kanki, ba dillalin da zai zo ya karya miki kuɗi don ya ga kin matsu. Inda kuma zai baki wahala duk rana ɗaya suke isa yanka, in ba firiza kowane kwana suka ƙara ribar suke ci, gara ki raba 25 yanzu 25 bayan sati uku.

Amma kafin duk wannan ni shawarata ki nemi tsofaffin leyas. In kaza ta kai wajen shekara ɗaya da rabi ƙwai ya ja baya gaba ɗaya muke fitar dasu, kuma mun fi son wanda zai ɗauka da yawa lokaci guda. Namansu ya fi tauri baya narkewa a tukunya, a farfesu da miya ya fi burela nesa ba kusa ba. Ki ƙulla da gona biyu ko uku su riƙa sanar dake in za su fitar.

Matashin_Rigasa

Ni fa duk bayanan nan na ji amma gaskiya ban gamsu duka ba. Dala ta sauko daga inda ta kai, a 2025 fetur ya sauko daga dubu da wani abu, masara ta faɗi, amma ba wanda ya rage mana ko naira ɗari. Ranar da dala ta tashi da safe kafin la'asar an ƙara kuɗi, in ta sauko kuma sai a ce tsohon kaya ne. Kuma dillalan kara sun yi yawa wlh, dabba ɗaya sai ta bi hannu huɗu a kasuwa ɗaya bata motsa daga turkenta ba kowa ya ɗora nasa, mai dabba bai san nawa aka sayar ba mai saye bai san nawa mai ita ya karɓa ba. An ƙirƙiro ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024, in da gaske ake a fara da sa sikeli a kowace kara a riƙa sayar da dabba da kilo kowa ya gani a fili. Kuma me zai hana a riƙa yankawa a nan ana kai naman kudu a motar sanyi, fata da kayan ciki da aikin yi su tsaya mana?

Falken_Zango

Ƙanena maganarka akwai gaskiya a ciki, amma ka bambance dillali da ɗan baranda. Ɗan baranda shi ne wanda zai tare dabba tun a bakin kasuwa ya saya ya juya ya sayar a wajen, su kam sun yi yawa kuma suna ƙara kuɗi ba tare da sun ƙara komai ba, ban musa ba. Dillali na gaskiya shi ke sauke baƙo ya ba shi masauki, ya tsaya shaida cewa dabbar ba ta sata bace, in magana ta taso bayan wata uku shi za a kama. A wannan zamanin na satar shanu in ka cire shi wa zai yarda ya sayi sa a hannun wanda bai sani ba? Sikeli kuwa ina bayanka ɗari bisa ɗari, mu ma zai hutar damu ciniki da ido. Motar sanyi an daɗe ana maganarta, matsalar wuta ce da hanya, sannan mutanen kudu da yawa rayayye suke so saboda biki da makoki kuma fatar da kayan cikin da kake so su tsaya ai su ma su suke nema.

Malama_UnguwarRimi

Salam, Allah ya ƙara wa masu bayani ilimi, na ƙaru sosai. Ni koyarwa nake a firamare, ta ɓangaren mai saye zan yi magana. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan 72,000 aka sa a 2024, wato in ka ɗauke shi kacokan ka kai wa mahauci kilo goma zai baka. To ta ina? Shi yasa gidaje da yawa nama ya koma na Juma'a ko ranar da aka yi baƙi, sauran kwanaki kifin ƙanƙara ne ko busasshe ko ganda, yara kuma awara, ki duba yadda masu suyar awara suka yawaita a kowane layi. Ƙwan da muke cewa shi ne naman talaka yanzu guda ɗaya 200 zuwa 250, uwa mai yara biyar sai ta yi tunani kafin ta soya. Wannan shi ya fi damuna wallahi, don muna ganin yaran a aji.

Mu abin da ya ɗan taimake mu shi ne watanda. Da sai da sallah ake yi, yanzu malaman makarantarmu duk ƙarshen wata muke haɗa kuɗi a sayi sa a raba kashi-kashi, kowa ya samu tsoka da ƙashi da hanta da tumbi, in ka auna sai ka ga ya fi na teburi sauƙi ko ba yawa. Hajiya ke da kike saye kullum ina ganin in kika samu 'yan'uwanki masu abinci huɗu biyar za ku fi mu cin ribarsa.

Sai abu ɗaya da nake so a sa a rai game da arhar masarar nan. Yayana a Saminaka yake noma, bana buhun taki ya fi buhun masara tsada, sai ya sayar da fiye da buhu ɗaya kafin ya mayar da kuɗin taki ɗaya, ba a zo maganar maganin feshi da 'yan ƙwadago ba. Tun da gwamnati ta ɗage harajin shigo da hatsi na kwana 150 a 2024 ga kuma damina ta yi kyau farashi ke ta zamewa. Manoman Lere da Soba da Giwa da yawa cewa suke baɗi waken suya za su yi ko su rage gona. In haka ta faru masara za ta sake tashi daidai lokacin da kajin da Anti ta Rigachikun ke magana suka fara ƙwai, mu koma gidan jiya. Don haka mai kaji in yana da hali ya sayi masararsa ta shekara yanzu ya ajiye.

MaiAbinci_Kawo

Kai alhamdulillahi, na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Yanzu na gane, musamman maganar Alhaji Falken Zango cewa arhar hatsi ita ke sa makiyayi ya riƙe dabbarsa. Rago na ajiye maganarsa tunda ba shi ne matsalata ba. Anti ta Rigachikun zan bi shawararki in fara da tsofaffin leyas, 'yan tsaki kuma sai Janairu in Allah ya kai mu, firizata ƙarama ce don haka 25 ɗin zan fara dasu. Malam na Tudun Wada dan Allah in mu biyar muka haɗa kuɗi za mu sayi sa da kanmu, yaya ake yi kar a cuce mu, tunda duk mata ne kuma ba wadda ta taɓa shiga kara?

ƊanFawa_TudunWada

Ba matsala Hajiya, mata da yawa na yi yanzu. Kar ku shiga ku kaɗai, ku ɗauki mahaucin da kika saba saye a wajensa ya raka ku, shi zai taɓa gadon baya da gindin wutsiya da ƙirji ya faɗa muku kusan kilo nawa za a samu kafin ku taya. Ku yi yarjejeniya dashi tun a gida cewa ladansa kuɗi ne tsaba ba nama ba, haka su ma yaran da za su feɗe, don in aka bar shi a buɗe a nan ake samun saɓani. Ku nemi bijimin bunaji na turke matsakaici, kar girman ƙaho da tozo ya ɗauke muku hankali, kar kuma ku ɗauki saniya don arha sai an tabbatar bata da ciki. La'ada ku tambaya tun kafin a sallama, nawa ne kuma wa zai biya. A yanka a kwata inda ma'aikatan lafiyar dabbobi za su duba hanta da huhu, tunda abincin sayarwa za ku yi dashi wannan ba abin wasa bane. Wajen rabo ku zo da sikelinku, a ware tsoka daban ƙashi daban kayan ciki daban a raba kowanne biyar, kai da ƙafa da fata kuma ko ɗayarku ta saya a rage mata a kuɗi ko a sayar wa masu ganda a raba kuɗin, ke mai farfesu ma ai ke ya kamata ki ɗauke kai da ƙafar.

Lokaci kuma ku kauce wa sati biyun kafin Kirsimeti da goman ƙarshe na azumi, a nan shanu ke tashi. Tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu ya fi, dabba na da sauran ƙibar kaka kuma 'yan lodi sun ɗan lafa. Ku je da sassafe ku fara zagayawa ku ji farashin uku huɗu kafin ku tsaya a kan ɗaya.